Janar da Tantabaru Ɗari da Sha Uku

"Lafiya lau, Janar. Ya fagen fama? An ci garin, ko har yanzu ana bakin ƙofa?"

"Amsa gaisuwa ki yi shiru, tsohuwar matata. Aiki na kawo miki, na gaggawa."

Shagon buga takardu ne ɗan ƙarami a ƙasan benen da suke zaune, bene mai hawa biyar da gida ashirin da huɗu. Kwamfuta ɗaya, firinta biyu, kujera uku. Mai shagon jikar Janar ce, wadda ba ta iya wuce abu ba ta ƙirga shi ba. Shi kuwa kakan shekara goma sha tara ke nan yana shugabancin ƙungiyar mazauna benen, kuma tun zaɓen farko ba a sake yin wani ba. Wata bakwai da suka wuce ya shelanta yaƙi a kan tantabarun da ke ɓata wa mata shanya a saman bene. Yau da la'asar akwai taro, mata sun ce sai ya yi bayani.

Ya zauna, ya ajiye wata leda da kan mujiyar roba ta tsorata tsuntsaye ya leƙo daga cikinta.

"Ita ma an dawo da ita daga bakin daga?" in ji jikar.

"Tantabara na samu zaune a kanta tana gyangyaɗi. Bar wannan. Rubuta: Takardar kora, zuwa ga mai gadi."

Yatsunta suka tsaya cak. Shekara goma sha huɗu mai gadin yana ɗakin ƙarƙashin matakala, da matarsa da 'ya'ya huɗu. In aikin ya tafi, ɗakin ma ya tafi.

"Laifinsa?"

"Sakaci, zagon ƙasa, da haɗa baki da abokan gaba."

"Da tantabaru?"

"An gan shi yana yi musu murmushi."

"Ni ma ina yi maka murmushi, angon ƙarni, amma ba so ba ne. Haƙoranka uku nake ƙirgawa."

"Huɗu ne, makauniya. Da su na sha gaban samari goma a kanki, ga shi yau ina da-na-sani."

Ta jawo littafinta daga aljihun tebur da sauri, ido na ƙyalli. Ta daɗe tana jiran wannan rana.

"Ranar da ka shelanta yaƙi, tantabara arba'in da ɗaya ce. Jiya na hau matakala tamanin da takwas na ƙirgo ɗari da sha uku, ban da ƙwai."

"Kin ƙirga wasu sau biyu. Kama suke da juna, kamar dangin kakarki."

"Wata na biyu ka kori mai shara. Wata na huɗu, mai gyaran famfo. Na biyar, sakataren ƙungiya. Na shida, kyanwa."

"Kyanwa ba korarta na yi ba, gudu ta yi daga fagen fama."

"Murabus ta yi, ta fi ku hankali. Kora huɗu har da ita, ƙarin tantabara saba'in da biyu. Duk kora ɗaya tana haifar da goma sha takwas. In ka kori mai gadi, sai mu kwashe kaya mu bar musu benen."

Tsoho ya buga sandarsa a ƙasa, ya matso yana rage murya kamar mai ba da sirri.

"Ba ki san mulki ba, shi ya sa har yanzu ban ba ki makullin gidana ba. Zan miƙe a taro in ce an ci amanata, na gano maci amanar, na kore shi, yaƙi ya ƙare. A yi tafi, a watse."

"Madalla. Kwafi nawa zan buga wa tantabarun? Ɗari da sha uku? Don sai sun karanta za su san yaƙi ya ƙare."

"Ki kiyayi bakinki."

"Gobe da safe matar hawa na uku za ta shanya fararen zannuwan gado, da azahar ta kwaso su da zane kamar taswira. Jibi wa za ka kora? Na duba jerin, Janar. Saura suna ɗaya, kuma mai sunan yana zaune a kujerata."

"Sai in kore ki."

"Ni ba ka ɗauke ni aiki ba, aure ka ce ka yi, ko cefane ba ka taɓa yi ba." Ta juya shafi. "Kafin ragarka, shaho yana zuwa kullum da hantsi ya ɗauki rabonsa. Ka sa aka lulluɓe saman bene da raga. Shaho ba ya iya shiga, tantabara kuwa tana bi ta gefen tankin ruwa. Gida mai tsaro ka gina musu, kyauta. Mai gadi ya faɗa maka haka sau uku."

"Sau biyu ne."

"Ashe ka ji."

Tsoho ya dubi mujiya, mujiya ta dube shi. Jikar ta ƙirga a zuci har zuwa goma sha ɗaya kafin ya yi magana, kuma muryar ba ta Janar ba ce.

"In na ce ragar ce, matan nan ɗanye za su cinye ni. Ni na tsaya aka ɗaura ta."

"Faɗa za su yi maka. Mafi tsawon da suka taɓa yi minti goma sha biyu ne, ina wurin. Kai minti goma sha biyu, shi kuwa ɗaki da mutum shida."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Allah ya haɗa ni da mata mai baki kamar almakashi. To, a kori wannan," ya nuna mujiya. "Barci a bakin aiki."

"A kore ta. Amma a layi na biyu. Layi na farko: Ni shugaba na yi kuskure, yau za a cire raga."

"Sa 'an sake dabara.'"

"Kuskure harafi bakwai ne, ba zai kashe ka ba. Ga haƙori huɗu, ka tauna shi a hankali."

"Rubuta, azzaluma."

Kafin ya miƙe firinta ta fara aman takardu. Ya zaro mujiyar daga leda ya dire mata a kan tebur.

"Ga tukwicinki. Dama kun yi kama, ido ƙuru-ƙuru ba ya barin komai ya wuce."

Ya leƙa waje yana ƙwala wa mai gadi kira ya kawo tsani da filaya. Ta ƙirga takardun: ashirin da biyar. Ashirin da huɗu na gidaje, ɗaya kuma ta ninke ta ajiye wa mutumin da ke tahowa da tsani a kafaɗa, yana yi wa kowa murmushi.