Rasuwar Baba Rumbu, Wanda Hutu Ya Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Malam Surajo Sale, jami'in kula da kwamfutoci a wata ƙaramar hukumar adana tarihi da ke Garki, Abuja, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar amininsa kuma abin tinƙahonsa, Baba Rumbu. Marigayin ya cika ranar Talatar da ta gabata a sabon ginin hukumar da ke unguwar Gudu, a gaban Darakta da manyan baƙi da mai ɗaukar hoto, bayan gajeriyar rashin lafiya wadda mai wannan sanarwa ya jawo masa da hannunsa.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Rumbu baƙin akwatin ƙarfe ne mai nauyin buhun siminti, da faifan ajiya goma sha biyu jere a cikinsa. Aikinsa ajiyar ko-ta-kwana. Duk abin da aka zuba a saba, wato babbar kwamfutar ofis, shi ma sai a ba shi kwafi ya riƙe, don in rana ta ɓaci a dawo wurinsa. Abin da ya riƙe kuwa muryoyi ne. Shekara da shekaru ma'aikatan hukumar suna bin ƙauyukan da birnin nan ya haɗiye suna naɗar tsofaffi: inda gonar wane take kafin a shimfiɗa titi, sunayen rafukan da aka binne, waƙoƙin daka da na biki. Yawancin masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya. A cikinsu akwai mahaifiyar Madam Magdalene, shugabar sashen naɗar murya, wata tsohuwa 'yar Gbagyi daga tsohon ƙauyen Garki, wadda ta rera wa 'yarta waƙar sussukar dawa ana saura damina ɗaya ta rasu. Duk faɗin duniyar nan babu inda muryar take sai cikin Baba Rumbu.

Mai karatu zai tambaya yadda aka yi ma'ajiyar kwafi na biyu ta koma ita kaɗai ce ma'ajiya. Amsar ba ta da tsawo. Tsohuwar saba ta cika, sai Malam Surajo ya riƙa share tsofaffin muryoyi daga cikinta don sababbi su sami wuri. Katin ajiya na na'urar naɗar murya ma in aka dawo da shi daga ƙauye, sai ya juye ya goge, ya miƙa a koma da shi. Duk wanda ya nuna damuwa, sai ya ɗaga masa hannu kamar mai raba gardama ya ce, “Rumbu na da shi.” Maganar ta bi ofis har ta zama karin magana. Ko biro mutum ya nema ya rasa, sai a ce masa Rumbu na da shi.

A shaidi marigayi da alheri, don ya cancanta. Tun ranar da aka kunna shi a ɗan ɗakinsa na ƙarƙashin bene bai taɓa runtsawa ba. An ɗauke wuta ya jingina da batir, batir ya gaji janareta ya karɓa, shi dai yana nan yana huuummm, kamar tsoho mai jan carbi a zaure. Na'urar sanyaya ɗaki ta taɓa yi masa yoyo a ka, bai yi ƙorafi ba. Ɓeraye sun yi gida a bayansa har sun aurar da jikoki, bai kore su ba. Bai taɓa neman ƙarin girma ba, bai taɓa kawo takardar asibiti ranar Litinin ba. Malam Surajo kan gaishe shi kafin ya gaida kowa, ya ɗora masa tafin hannu yadda uwa ke duba zazzaɓin ɗanta, kuma daga gurnanin kaɗai yakan san ko an kwana lafiya. A kan bayansa mai ɗumi yake ajiye ƙosansa kada ya huce, da damina kuma a nan safarsa ke bushewa. Ƙaunar ta gaskiya ce, babu wasa a cikinta.

Duk shekara Malam Surajo yakan tara ma'aikata ya yi musu lacca a kan tsaron bayanai. Taken laccar bai taɓa canjawa ba: kwafi ɗaya ba kwafi ba ne. Yakan faɗe shi sau uku yana buga tebur, har waɗanda suka zo don lemo da fanke su farka. Wanzami dai ba ya son jarfa. Amma a yi masa adalci, ya daɗe yana roƙon a sayo na'urar tef. Tef ɗin ba irin kaset ɗin biki ba ne, wani ɗan ƙoƙo ne kamar sabulun wanki, wanda in aka juye bayanai a cikinsa aka kulle a kabad, zai yi shekara talatin bai nemi wuta ko sanyi ba. Bana Allah Ya yi, aka sayo na'urar tare da sabuwar saba, aka girke su a sabon gini a Gudu.

A nan ne ajali ya fara sallama. Na'urar tef ɗin ba ta fi kwalin taliya ba, mutum ɗaya zai rungume ta ya hau mota. Kowa kuma ya san a al'adarmu ƙarami ne ke zuwa gaida babba. Da an bi wannan, da an kai yarinyar, wato na'urar tef, can Garki ta durƙusa gaban tsoho, ta kwashi abin da ke cikinsa yana zaune a inda ya saba. Sai dai a aikin gwamnati abin da ba a ƙaddamar ba ba ya fita ƙofa, ga shi Darakta yana son ranar yanke ƙyalle a ga komai a sabon ɗaki, cif. Malam Surajo yana iya yin gardama, ya kuma san ta inda zai ɓullo. Bai yi ba. Ya riga ya hango hoton a jikin bango: Baba Rumbu a sabon kanta yana ƙyalli, shi kuma a gefe cikin sabuwar shadda ruwan toka da ya kai ɗinki tun watan jiya. Aka yanke shawara a ɗauki tsoho a kai wa yarinya.

Ana jajibirin tafiya Madam Magdalene ta leƙo ɗan ɗakin. Mace ce mai sanyin magana, ba ta saba roƙon alfarma ba. Ta ce, “Oga Surajo, abeg ka sa mini muryan Mama a filash kafin ku ɗaga shi. Hankalina bai kwanta ba.” Akwai filash a aljihunsa a lokacin, kuma da sauran wuri a ciki. Da shi ya je Gudu da safiyar ranar ya gwada na'urar tef a ɓoye, don kada ta ba shi kunya gaban baƙi. Cikin duk abin da hukumar ta mallaka, abin da ya zaɓa ya yi gwajin da shi shi ne bidiyon laccarsa ta bara, wadda a ganinsa ta fi sauran armashi. Ya yi wa Madam murmushin masana ya ce, “Haba Madam, filash ai kayan yara ne. Ki bari ranar Talata in sa miki ita a tef, jikokin jikokinki ma su ji.” Ta ce to, ta tafi.

Washegari, a karo na farko tun zuwansa duniya, aka kashe Baba Rumbu, kuma yatsan da ya fi ƙaunarsa ne ya danna. Gurnanin ya sauka a hankali, huuummm ya koma wiiiuuu, sannan ɗakin ya yi tsit irin wanda Malam Surajo bai taɓa ji a cikinsa ba. Har ya shafa shi ya ce ya huta, ya sha aiki. Bai yarda a sa shi a motar kaya ba. A kujerar baya ta motarsa ya zaunar da shi, wurin zaman oga, ya lulluɓe shi da bargo, ya ɗaura masa bel. Daga Garki zuwa Gudu tafiyar hawainiya ya yi da fitilun gargaɗi a kunne, masu tasi suna danna masa ham suna tambayar ko amarya ya ɗauko. Ko rami ɗaya bai faɗa ba. A wannan fannin kam ba shi da laifi, kuma yana so a rubuta haka.

Ranar Talata aka yi addu'ar Musulmi da ta Kirista, aka yanke ƙyalle, aka roƙi Darakta ya danna maɓalli da hannunsa mai albarka. Ya danna. Maimakon huuummm, sai aka ji ƙas, ƙas, ƙas. Baƙi suka ɗauka haka sabuwar fasaha ke gaisuwa, suka kaure da tafi. Fitilun gaban marigayi, waɗanda aka sani kore shar, suka fara komawa ja ɗaya bayan ɗaya. An gina shi yadda ko faifai biyu sun faɗi sauran za su riƙe gida. Biyar ne suka ƙi tashi. Daidai lokacin mai hoto ya ce a yi murmushi, kuma hoton yana nan ga mai son ganin yadda fuskar mutum ke komawa launin shaddarsa.

Bayan baƙi sun watse wurin cin shinkafa, Malam Surajo ya kulle ƙofa ya shiga jinya. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, yana lallashi yana kiran sunansa. Ƙas, ƙas, ƙas. Sai da yamma ya kira Uthman, mai gyaran da ya fi yarda da shi, wanda ya saurari ƙarar sau ɗaya ya zare filogi. Bayaninsa bai da wuya. Faifan da ya yi shekaru yana juyawa, juyin ne ke riƙe da shi, kamar tsohon manomi da ke da lafiya muddin yana zuwa gona, ranar da 'ya'ya suka ce ya zauna ya huta ranar ciwo ke kama shi. Da an bar shi bayan ƙarar farko, in ji Uthman, da wataƙila masana sun ceto wani abu. Amma kowane ƙas allura ce ke kartar fuskar faifai, kuma an ba ta yini guda tana karta. Uthman ya tambaya sau nawa aka kunna. Malam Surajo ya ce bai ƙirga ba, kuma wannan gaskiya ne.

Marigayin ya rasu ya bar tsohuwar saba a Garki, wadda har yanzu take neman sa a waya duk safiya tana cewa ba a same shi ba. Ya bar tef-tef sababbi fil cikin ledarsu, marayun da ba su taɓa jin ɗuminsa ba. Ya bar takardar neman bahasi daga ofishin Darakta, wadda aka haifa bayan rasuwarsa. Ya kuma bar magaji ɗaya tilo, tef ɗin gwaji, mai ɗauke da Malam Surajo yana buga tebur yana cewa kwafi ɗaya ba kwafi ba ne. An tabbatar wannan zai kai shekara talatin lafiya lau.

Kwanakin da suka biyo baya Malam Surajo ya koma bin matakalar baya, don ta gaba tana wucewa ta ƙofar Madam Magdalene. Takardar Darakta ba ta hana shi barci ba, wannan ƙofar ce ta hana shi. Ita ce ta zo ta same shi zaune gaban gawar. Ya miƙe yana laluben kalma, ta riga shi. Ta ce, “Oga Surajo, sannu da haƙuri. Na san kana son shi.” Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi. Da ƙyar ya tambaye ta ko ta iya waƙar da ka. Ta ce farkon tana iyawa, da amshin. Sannan ta ce, “Tsakiyan ne ban koya ba. Mama ta ce in zauna ta koya mini, na ce mata ba komai, Rumbu na da shi.” Ba da gori ta faɗa ba, kuma tun ranar bai sake cin ƙosai a ofis ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, a harabar tsohon ofis da ke Garki, daga nan a raka marigayi sito, inda zai kwanta kusa da tsofaffin injinan buga takardu. Tunda ba a nema wa ƙarfe rahama, ana roƙon a juya addu'ar kan mai shi, don ya fi bukata. Ba za a yi lacca ba. Masu niyyar cewa “ai da ka sani” su yi layi ta hagu, za a saurari kowa.

Kafin a ɗaga gawa, Madam Magdalene ta yarda za ta rera abin da ya rage mata na waƙar mahaifiyarta. Ta aika unguwar Nyanya a ɗauko wata gwaggonta da ƙafa ta hana fita, ko Allah zai sa tsohuwar ta tuno tsakiyar. Malam Surajo ne zai je ɗauko ta, a kujerar baya. Ba a bukatar kowa ya kawo abinci ko gudummawa. Abu ɗaya yake roƙo, kuma da hawaye yake roƙon sa: duk mai waya ya zo da ita cike da caji, in an fara waƙar kowa ya naɗa.