Ranar Da Farfesa Ya Dafa Hanta

"Ni fa," in ji Farfesa, yana bugun ƙirji a ɗakin malamai, "enzayim in ya ji takuna a bakin ƙofa, da kansa yake fara aiki. Ba na lallashinsa."

Kada sunan ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Babu jami'ar da ta ba shi farfesanci. Ɗalibai ne suka laƙaba masa don tsokana, gogan naka kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa tela ya ɗinka masa sunan a aljihun farar rigarsa. Malamin kimiyya ne a wata sakandare, cika baki kamar ya ari na wani ya ƙara.

Abin da ya jawo kurin shi ne makullin ɗakin gwaje-gwaje. Mai riƙe da shi ya yi ritaya, sai Shugabar makaranta ta ce tsakanin Farfesa da Malama, wata mai sanyin magana da ta daɗe tana koyarwa, wanda ya fi iya nuna wa ɗalibai gwaji shi zai karɓa. Farfesa ya riga ya shaida wa matarsa da surukansa cewa makulli nasa ne, har sarƙar rataye shi ya saya.

Gwajin ba wuya. A cikin ɗanyar hanta akwai wani sinadari, enzayim, wanda in aka zuba masa haidurojin, ruwan nan na wanke ciwo, sai kumfa ta tashi. Ana raba hantar uku: mai sanyin ƙanƙara, mai ɗumin jiki, da dafaffiya, a ga wadda za ta fi kumfa. Farfesa ya buɗe littafi, ya ga an rubuta a ƙasan shafi cewa in zafi ya ƙaru, aikin enzayim yana ƙaruwa. Maganar ta ci gaba a bayan shafin, amma ina, manya ba sa juya shafi.

Da safe Malama ta tarar da shi ya zuba hantar gaba ɗaya a tukunya, tana ta ɓararraka a kan risho.

"Malam, duka kake dafawa? Ai zafi in ya wuce kima kashe enzayim yake yi."

"Ƙanwata, ja kujera ki sha kallo. Ke ɗumi kika sani, ni da wuta nake aiki."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta koma gefe.

Ɗalibai suka cika ɗaki, Shugaba ta zauna a gaba da biro a hannu. Farfesa ya jera kwalaben gwaji uku, ya saka dafaffiyar hanta a kowace, ya ɗaga haidurojin sama kamar mai tallar magani.

"Na gaba ku ja baya! Kumfar da za ta tashi yanzu, sai an kira 'yan kwana-kwana!"

Ya tsiyaya. Shiru kake ji. Hanta ta kwanta a gindin kwalba abinta, ko motsi. Ya girgiza ta farko, ya ƙyasta ta biyu da farce, ya kara ta uku a kunne.

"Malam, har yanzu mu ja baya?" wata ɗaliba ta tambaya.

"Rufe mana baki! Kunyar baƙi yake ji. Bari in tashe shi."

Ya ɗauko asid, ruwan nan mai tsami, ya tuttula a ciki.

"Malam, tsami ma kashe shi yake yi," in ji Malama a hankali.

"Wanda ya suma ai da abu mai kaifi ake farfaɗo da shi!"

Nan ma shiru. Gumi ya karyo masa har cikin safa. Ya saci kallon Shugaba, ya ga bironta yana ta gudu a kan takarda. Wallahi a nan na tausaya masa, don ya fara hango fuskar surukinsa.

Malama ta turo masa wani kwano. "Ga ɗanya da na niƙa don nawa gwajin. Kan cokali ya isa."

Kan cokali? Ga mutumin da aka gama yi wa dariya? Ya fizgi kwanon, ya juye shi kaf a babbar kwalba mai dogon wuya, ya bi shi da haidurojin har ɗigon ƙarshe. Don kada ƙarfin ya tsere, wai, sai ya danna toshiya a bakin kwalbar, ya sunkuya yana leƙe.

"Malam, cire toshi..."

Fau! Toshiya ta daki fanka, kumfa ta yi tsiri ta wanke masa fuska, ta shige hanci, ta gangaro ta aljihu. Fanka kuwa ta karɓi ragowar ta raba wa kowa, Shugaba ta samu babban kaso. Ɗalibai suka yi waje suna ihu, ɗaki ya gauraye da ƙarni.

Farfesa ya share ido ɗaya, ya ce, "Kun gani? Ban ce muku zai tashi ba?"

Shugaba ta cire tabarau, ta tsame guntun hanta daga gashin girarta. Ta miƙa wa Malama makulli, sannan ta ce, "Kafin ki rufe, rubuta wa yara darasin yau, don sun wahala."

Malama ta ɗauki alli, ta rubuta a jikin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani:

"Abubuwan da ake nisanta su da enzayim: zafi mai yawa, tsami mai yawa, da Farfesa ko kaɗan ne."