Dawisun Surukina

Ko na manta komai na shekarar farko ta aurena, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fige dawisun surukina a gaban mutanen Furfuri ba.

Baba Alhaji, mahaifin matata Rabi, yana da dawisu guda ɗaya da yake ji da shi fiye da shanunsa. Da hannunsa yake ba shi gero, yana shafa masa wuya suna hira. Wata Asabar cikin bazara muka je garinsu Furfuri gaisuwa, muka tarar kare ya karya wa tsuntsun ƙafa, an yanka shi don kada ya zama mushe. Baba na zaune ya yi tagumi. Kowa ya yi masa jaje ya ja gefe, sai ni. Na gyara zama na ce ai akwai yadda ake feɗe tsuntsu, a cusa masa auduga, a sa waya, ya tsaya kamar mai rai har shekaru, kuma mun koya a kwaleji. (Gaskiyar magana, kallo na yi malami yana yi, sau ɗaya, kuma da ɓera.) Rabi ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. Ni fa malamin kimiyya ne a Gusau, kuma tun da na shiga gidan ban taɓa faɗin abin da Baba ya ɗago kai ya saurara ba sai ranar.

Na naɗe dawisu a leda na ɗaure a bayan babur. A Bungudu muka tsaya gidan yayar Rabi, aka ci tuwo, aka yi la'asar, shi kuwa yana rana yana dahuwa. Da muka isa gida na tura shi firji, wanda rabonsa da wuta kwana biyu. Lahadi na tafi ɗaurin aure Tsafe. Sai Litinin na buɗe ledar, Rabi ta toshe hanci ta koma gidan maƙwabta.

Na feɗe dai, amma duk inda na taɓa sai gashi ya biyo yatsana. Kitsen da ke jikin fatar ma ban kankare ba, don tsoron kada ta yage. Mai hankali da nan zai tsaya ya je ya ba da haƙuri. Ni kuwa gam na sayo. Kwana uku ina manna gashi ɗaya bayan ɗaya, na sa masa idon duwatsun kwalliya daga tsohon gyalen Rabi, na fesa masa rabin kwalbar turarena. Daga nesa, wallahi, ya yi kyau.

Ashe Baba ya gaya wa duk unguwa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka isa ni da Rabi, na tarar da zaurensa cike da dattawa, har da liman. Na ajiye dawisu a tsakiyar tabarma, na yaye zanen da na rufe shi da shi. Aka yi ta masha Allah. Baba ya matso, idonsa ya kawo ruwa, ya miƙa hannu ya shafa wuyan kamar yadda ya saba.

Gashin wuyan gaba ɗaya ya taho a tafinsa. Na yi wuf in gyara, hannun babbar rigata ya kamo jelar, ita ma ta zube a tabarma. Abin da ya rage a tsaye wani tsirara ne mai idon ƙyalli, kamar kazar da ake shirin sa wa a tukunya. Sannan warin ya fi ƙarfin turaren. Liman ya ja rawani ya rufe hanci yana tari.

Baba ya kalli tafinsa, sannan ya ce a hankali, “Malam Sani, wanga aiki ai da ka bar ma Inna. Ita in ta fige, aƙalla muna samun miya.”

Daga bayan ƙofa Inna, surukata, ta tambayi Rabi yaushe na feɗe shi. Da ta ji Litinin, sai ta ce ko fatar ragon layya in ta wuni a rana ba a kankare ta an zuba gishiri ba, gashinta zubewa yake yi, balle ta tsuntsu. Abin da na je kwaleji ban riƙe ba, ita a tsakar gida ta san shi.

Baba bai yi fushi ba. Ya tsince gashin jelar ya soke a bangon ɗakinsa. Ni dai na koyi cewa tsuntsu a ranar ake feɗe shi ko a daskarar da shi, a cire kitse, a shanya a inuwa. Na kuma koyi cewa a gidan surukai “Allah ya mayar da alheri” ta isa jaje. Har yau in muka je aka yanka mana kaza, sai in ji Inna daga madafa tana cewa kada a wahala da ruwan zafi, Malam ya iso.