Ramin Manya da Gwiwar Jelani

Jiya da la'asar na goya ƙato a bayana, tun daga filin ƙwallon unguwarmu har lungunmu na Ƙofar Marke. Babur ɗin da nake kabu-kabu da shi yana layin gidan mai tun safe, yana jiran rabonsa. Ƙaton kuwa Jelani ne, abokina, mai ci mana ƙwallo, wanda wani kulob ya kira gwaji mako mai zuwa. Unguwa kaf ta ɗora rai a kan ƙafarsa ta dama, ita ce kuma ta faɗa rami.

Kada ku raina ramin nan, jama'a. Rami ne mai asali, manya suka haƙa shi.

Akwai wani malamin jami'a, Dakta Hayatu, da ya daɗe yana bincike kan abin da ke ɓata gwiwar 'yan wasa. Ni ban gama sakandare ba, ban karanta abin da ya rubuta ba, amma an ce a ƙasashen waje ba a rubutu kan gwiwa sai an ambaci sunansa. A filinmu ya yi aikin. Ya riƙa zuwa da wandon wasa, yana koya mana ɗumama jiki, da tsalle da ƙafa ɗaya, da yadda ake dira. Muka sa masa suna Dakta Tsallen Kwaɗo. Muna dariya, targaɗe yana raguwa, har muka daina dariyar. Abu guda ya roƙi manya: a daidaita filin, a tsince duwatsu, a cike ramuka.

To, manyanmu, Allah Ya ƙara musu faɗin riga, sai suka ji Turawa na ambaton ɗan garinsu. Cike rami ba ya kyau a hoto, don haka aka shirya bikin karramawa. A ina? A filinmu, wai nan tarihi ya faru. Aka kafa rumfuna da turakun ƙarfe, manyan motoci suka bi ta tsakiyar fili bayan an yi ruwa. Alhaji Mai Almakashi, wanda ba a buɗe komai sai da hannunsa mai albarka, ya ce daga ranar an yi bankwana da rauni a garin nan. Dakta ya karɓi lasifika ya ce, "Ranka ya daɗe, batun filin nan..." sai maroƙi ya ɗauki kirari, aka miƙa masa allon yabo, aka ci shinkafa. Da aka watse aka tumɓuke turaku, aka bar mana gado.

Mun cike ramukan da muka gani. Ɗaya ciyawar damina ta ɓoye, ta ajiye wa Jelani.

Da na sauke shi a zaure, mahaifiyarsa Iyatu ta fito da ludayi a hannu.

"Kai ɗan nan, mi ya samu ɗana?"

"Inna, ramin manya ne ya faɗa."

"Su manyan ba su faɗa ba?"

"Su a mota sunka wuce, Inna."

"To Allah Shi isam muna," in ji ta, ta koma ɗora ruwan zafi.

Na kira Dakta a waya, ya zo kafin magariba. Ya lallatsa gwiwar, ya lanƙwasa, Jelani ya ciji hannun rigata. Dakta ya ce jijiya ce, a kai shi asibiti a ɗauki hoto, batun gwaji kuma a bar shi bana.

"Dakta," in ji Jelani, "wallahi tsallen kwaɗon nan ban taɓa fashi ba."

"Na sani, Jelani. Duk binciken da na yi, ban sa turken rumfa a lissafi ba."

Jelani ya juya fuska bango. Takalman da ya wanke don tafiya suna nan rataye a ƙusa, ko gama bushewa ba su yi ba.

Ni dai ba na zargin kowa. Mutanen da suka bar ofis mai sanyi suka zo cikin zafin Sakkwato don su tafa wa ilimi, ai sai godiya. Wata ƙasar ana karanta bincike a yi aiki da shi. Mu mun wuce nan, muna yi masa walima.

Yau da safe, a teburin Malam Audi mai shayi, na ji labari mai daɗi daga bakinsa.

"Ɗan kabu-kabu, ka ji manya sun girgiza da abin da ya samu abokinka? Za su ƙaddamar da Makon Kare Gwiwa."

"Madalla. Ina za a yi?"

"Hilinku mana. An ce rumfunan wanga karo sun hi na wancan yawa."

Jelani ne babban baƙo, in ji shi. Tunda har yanzu man bai samu ba, ni zan sake goya shi. In kun ga ban gaida manya ba, ba rashin kunya ba ne, ƙasa nake kallo.