Yadda Ake Gane Ma'aurata Tun Daga Bakin Ƙofa

Ke mai gidan saukar baƙi, matso kusa. Imaninki ya hana ki ba saurayi da budurwa gado ɗaya, doka kuma ta ce wanda ya buɗe ƙofar kasuwanci ya buɗe wa kowa, ko takardar aure kika tambaya sai kotu. Ni Dolina MacIver, shekarata talatin a sana'ar nan a tsibirin Lewis. Bi matakan nan, na lamunce miki, ba zunubi ba tara.

1. Manta da zoben aure

Ko a kantin kayan wasa ana sayar da shi. Leƙa ta labule tun baƙin suna fakin ɗin mota. In namijin ya zagayo ya buɗe mata ƙofar mota, to akwai matsala. Marigayi mijina Murdo ko ƙofar coci bai taɓa riƙe mini ba.

2. Kawo shayi, ki kasa kunne

Ma'aurata ko dai shiru, ko gardama kan wa ya ɓatar da hanya daga tashar jirgin ruwa. In kika ji dariya, magana ta ƙare, ba su da aure.

3. Kada ki ambaci addini

Nan doka ke cafke mutum. In za ki sallame su, ki ce famfon ɗakin ya fashe. Ƙarya ce, na sani, amma 'yar ƙarama ce.

4. Tsaya kan bakanki

Ran Asabar wasu suka zo mini riƙe da hannun juna, da furfurarsu, ko kunya babu. Raina ya ɓaci. Na ce famfo ya fashe. Mutumin ya tuɓe kwat wai ya iya gyara. Na ce katifar ma ta jiƙe. Suka juya cikin ruwan sama, har suna yi mini jaje.

5. Zauna a bencin baya

Washegari a coci aka gabatar da sabon fastonmu da matarsa, aurensu shekara ashirin da takwas. Su ne. Ashe a mota suka kwana. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da aka tashi ya tare ni a bakin ƙofa, ya riƙe hannuna.

"Madam MacIver, yaya famfo?"

"Da sauƙi, Fasto."

"Yau Lahadi, ba a aiki. Gobe ƙarfe tara zan zo da kayan gyara."

Gargaɗi: duk wadda ta bi shawarar nan ta tsinci kanta da sassafen Litinin riƙe da guduma, tana fasa famfonta mai lafiya kafin fasto ya iso, ba ruwana, kada ta ce ta san ni.