Ranar da Na Ce Hajiya Ta Haihu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar, da Talatar da na ɗora wa matata haihuwa tana da shekara sittin da biyu. Ina rubuta wannan ne don jikokina su ji daga bakina, tunda mutanen unguwa sun ƙara wa labarin gishiri har ni kaina ba na gane shi.

Ni tsohon falanto ne, wato mai kai takardu daga wannan buro, wato ofis, zuwa wancan a nan Damagaram. Lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu na tsaya, amma shekara talatin ina ɗaukar takardun manya, sai na ɗauka ni ma na san doka. Da na yi antire, wato ritaya, na dawo gida zama, Hajiya ce ta riƙe mu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ana kawo mata gyaɗa daga garin Dogo, mata uku suna taya ta, kullum tsakar gidanmu wuta da hayaƙi. Maƙwabcinmu Malam Isufu kuma yana da injin markaɗe a zaurensa, bango ɗaya ya raba shi da ɗakina.

Injin nan ya hana ni barcin rana. Maimakon in taka in same shi mu yi magana, sai na zauna na tsara takardar ƙara zuwa meri, ofishin magajin gari. Na ce unguwarmu ta zama ce, ba ta masana'anta ba, kuma akwai masu sana'a cikin gida ba da izini ba. (Ko sau ɗaya ban tambayi kaina a wane inji ake markaɗa gyaɗar Hajiya ba. Allah Ya yafe mini.)

Bayan mako biyu, da hantsi ina kishingiɗe a ƙofar gida, sai ga ma'aikatan meri biyu da mai unguwa. Suka shiga zauren Malam Isufu, inji ya yi shiru. Har na fara murmushi. Sai na ga sun fito sun shiga gida na gaba, sannan na gabansa. Ashe layin duka za su bi, tunda na rubuta “masu sana'a”, ban ce mutum ɗaya ba. A lokacin kuwa hayaƙi na tashi daga gidana kamar ana gasa tukwane, ƙamshin ƙuli-ƙuli ya cika titi.

Na miƙe zaune. In suka rufe sana'ar Hajiya, tukunyarmu suka rufe, kuma da hannuna.

Da suka iso ƙofata, babban ma'aikatan, wani dogo mai tabarau da ladabi, ya gaishe ni ya ce, “Baba, wannan wuta haka? Sana'a ake yi a ciki?”

Na ce, “Sana'a kuma? A'a, ɗana. Ruwan wankan jego ne ake dafawa.”

Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba.

Ya ce, “Masha Allah! To ƙamshin fa?”

“Soye-soyen suna ne.”

Mai unguwa, wanda ya san kowace kaza a layinmu, ya gyara tsayuwa. “Alhaji, haihuwa a gidanka ban ji ba? Ai 'ya'yanka mata duk suna garuruwan mazansu. Wa ta haihu?”

Da mai hankali ne da ya ce baƙuwa ce daga ƙauye. Ni kuwa na duba sama, na duba ƙasa, sunan mace ɗaya kawai ya zo mini.

Na ce, “Hajiya.”

Ya ce, “Wace Hajiyar?”

Na ce, “Nawa gare ni?”

Ya yi salati, ya ɗaga hannuwa, ya ce ikon Allah ya fi da haka. Ya tambaya me aka samu, na ce namiji. Yaushe suna, na ce Jumma'a. Ma'aikatan suka ce ba za su shiga gidan mai jego ba, suka yi addu'a suka wuce. Na koma na kishingiɗa ina yaba wa kaina.

Kafin azahar labari ya zaga gari ta waya. Na fita masallaci, liman ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Tsofaffin da muke hira da su suka tashi tsaye suna “Angon ƙarni! Ashe da sauranka!” Wanzami ya biyo ni yana tambayar ƙarfe nawa zai zo aski. Wani mai tumaki ya ja rago har ƙofar gida, wai in duba kawai. Ni kuma duk wanda ya ce barka sai in ce barka kadai, don ban san ta inda zan fara warwarewa ba.

Hajiya ba ta san komai ba, wayarta na ɗaka, hannunta na cikin tunkuza. Bayan la'asar mata suka fara shigowa da guɗa. Ƙanwarta ta zo daga Kara-Kara tana kuka, wai wata tara an ɓoye mata. Wata 'yar'uwata ta kamo mota tun daga Gidimuni da ƙullin kanwa na kunun mai jego. Suka tarar da mai jegon tsaye kan kasko tana juya ƙuli-ƙuli, suka hau faɗa: wa ya bar ta aiki da ɗanyen jiki?

Ni kuwa ina zaure na laɓe. Sannan na ji muryarta, a hankali, irin wadda na fi tsoro.

“Alhaji, shigo.”

Na shiga. Mata sun fi ashirin.

“An ce na haihu.”

Na ce, “Haka na ji.”

“A bakin wa ka ji?”

Na hau gyara hulata.

“To ɗauko mini shi in gani. Ni ko nauyinsa ban ji ba.”

Ana cikin haka aka yi sallama. Dogon nan ne mai tabarau, ya tashi daga aiki ya biyo da sabulu sanda biyu na barka. (Yaron kirki, har yau ina jin kunyarsa.) Ya tsaya bakin zaure ya ɗaga murya don in ji: “Baba, ga na mai jego. Kuma takardar ƙarar da ka rubuto mun yi aiki da ita, an dakatar da injin sai ya yi rajista.”

Malam Isufu yana tsaye bayansa. Shi ma barka ya zo yi, da damin itacen jego a kafaɗa.

Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Malam Isufu ya sauke itacen a hankali ya ce, “Alhaji, da ka ce mini barci kake so, ai da na kashe.” Hajiya ta wanke hannu, ta kira ma'aikacin ciki, ta nuna masa kasko da murhu da buhunan gyaɗa, ta ce, “Ga jaririn. Shekararsa goma sha ɗaya, shi ke ciyar da ubansa. Me doka ta ce?”

Ashe abin da na tsorata ba komai ba ne. Ya ce ta je ta yi rajista, ta janye murhu daga jikin bangon maƙwabta, shi ke nan. Washegari ta ja Malam Isufu suka tafi meri tare, ni ina biye da takardunsu a hannu, na koma falantona. Kwana biyar injin yana tsaye, kwana biyar ni ke ɗora gyaɗar Hajiya a amalanke zuwa wata unguwa markaɗe, ana bi na da “Angon ƙarni, ina jariri?”

Na roƙi gafarar Malam Isufu a gaban liman, ya yafe. Yanzu yana kashe injin daga azahar zuwa la'asar saboda ni, ni kuma barcin ya ƙi zuwa, shirun tuna mini yake yi. Ƙuli-ƙulin kuwa sunansa ya koma “ɗan Hajiya”, daga nesa ake zuwa nema.

Abin da na koya kaɗan ne. Kafin ka kai ƙarar hayaƙin unguwa, leƙa tsakar gidanka. In kuma tsoro ya sa dole sai ka yi ƙarya, kada ka yi wadda mutane za su zo ganinta da sabulu.