Ranar da Zabiya Ta Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa da bikin ɗiyar ƙanena a Bukkuyum ba, ko da sauran haƙoran nan sun zube.

Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Shekarun baya na karye, karyewa ta gaske. Hanyar Zugu ta ƙi biyuwa saboda ɓarayin daji, masu saye sunka watse, ga kuɗin gyaɗar Hajiya Asabe ta Gummi a wuyana, don ita ke ba ni bashi in soya in biya. Anka zauna gaban mai unguwa. Ya ce injin niƙana ya zama jingina: in ci gaba da aiki da shi, amma in na yi wasa Hajiya ta ɗauke abinta. Biya kuwa duk ranar kasuwa, gwargwadon hali. In abu ya buɗe a ƙara, in ya tsuke a rage. (Ta ragewar na riƙe. Ta ƙarin can na baro ta gaban mai unguwa.)

Kuma an rage. Da damina ta yi tsanani Hajiya ta rage. Da na kwanta ciwon ƙafa ta sake ragewa, ban ko roƙa ba. Sai Allah ya kawo masu haƙar zinariya wajen garin Anka, mutanen nesa, ba mata ba murhu, gari da ƙuli-ƙuli suke ci safe da yamma. Kasuwa ta buɗe min. Ni kuwa na yi gum. Ina da wani tsohon zane da ya koɗe, shi nake ɗaurawa ranar biya, in shiga gidan Hajiya ina ɗingishi.

"Ya kasuwa, Inna Delu?"

"Sai haƙuri, Hajiya."

Ta ce Allah shi kyauta, ta amshi ɗan abin da na miƙa.

Ranar bikin ne shaiɗan ya ja ni. Sabuwar atamfa, sabon mayafi, har da 'yan kunne. Mata na kiɗan ƙwarya a tsakar gida, zabiya ta kama lasifika ta shiga wasa ni: Delu mai mai, Delu mai ciyar da ramin zinariya. Kaina ya kumbura. Na faɗa fili (ƙafar nan mai ciwo ita ta fi rawa), na kwance bakin zane, na dinga liƙa mata sababbin kuɗi a goshi. Ita kuma duk takardar da ta sauka sai ta shelanta wa duniya.

Ina juyowa sai ga Hajiya Asabe bisa tabarma, da kwanon fura a hannu, tana kallona. Ashe dangin ango ce.

Abin da na yi, har yau in na tuna sai na rufe fuska. Ɗingishi na fara. A tsakiyar fili, da kuɗi a hannu. Kuma da ƙafar da ba ita ba.

Ta yafito ni. "Zauna, Inna Delu. Ƙafa ta yi sauƙi, na gani."

"Hajiya, atamfar ta aro ce."

"Kuɗin ma na aro ne?"

Na zauna gefenta. Ta matso, ta rage murya don kada mata su ji. "Wa ke sayar miki da gyaɗa? Da can tiya-tiya kike awo, yanzu buhu ake ɗora miki a babur. Tun kaka na sani."

"To mi ya hana ki ƙara? Ko ki ɗauke injin?"

"Ni ma na taɓa karyewa," in ji ta. "Wanda ya karye, ko ya miƙe, yana daɗewa bai yarda ƙasa za ta riƙe shi ba. Jira nake ki yarda."

Jama'a, na tsufa, na ga malamai, na ga masu kuɗi, har ajin yaƙi da jahilci na shiga da furfurata, amma ban taɓa ganin girman mutum irin na ranar ba. Matar da nake yi wa wasan kwaikwayo duk mako, ashe tana kallo tana yi min uzuri. Ta miƙo min furar ma. Na amsa na sha.

Kasuwar da ta biyo na tafi da atamfar tawa, da tafiyata miƙe, na ninka biyan da kaina. Ta duba, ta maido min kaɗan, ta ce damina na tafe, in bar na sayen gyaɗa. Kafin wata kaka injin ya fita daga jingina.

Tsohon zanen nan yanzu shi nake goge injin da shi. Abin da na koya: kada ki yi wa mai auna miki gyaɗa kukan talauci. In kuma ya zama dole, ki riƙa tuna wace ƙafa ce ke ciwo.